Gajere Mahauci da Dinyar Bakolori

A shekarun da ake ginin dam na Bakolori, duk Talata Mafara babu mahaucin da ya kai Gajere cika baki. Wuƙa kam ya iya, ba a ƙwace masa wannan ba, sai dai bakin ya fi wuƙar kaifi. Abin alfaharinsa guda ne: shekara talatin yana fawa, dabba ba ta taɓa zama mushe a hannunsa ba. In Gajere ya ce nama ya halatta, liman ma ci yake, ba tambaya.

To, kamfanin da ke aikin dam yana da wani ɗan jirgin sama mai kujera huɗu, yana sauke injiniyoyi a wani filin jar ƙasa bayan gari. Matuƙinsa Jibrin ne, mutumin Bakura. A Zariya ya koyo tuƙi, amma Zariya ba ta raba shi da balangun Gajere ba. Wata Talata, yana lasar yatsu, ya ce, "Baba, jibi zan tada jirgi ba kowa ciki. Ka taho in gwada maka ruwan dam daga bisa."

Wayyo, ai da ya sani da bai faɗa a kasuwa ba! Kafin la'asar har masu tallar fura sun san Gajere zai hau sama. Ranar Alhamis ya saka rigar sallarsa, ya soke wuƙa a ƙugu. Matarsa Kubura ta ce, "Malam, mi za ka yanka a sama?" Ya ce mata mahauci ba wuƙa ai tsirara yake.

Da jirgi ya rabu da ƙasa, Gajere ya yi salati sau uku, daga nan kuma sai dariya ta ƙwace masa. Ga gari ya koma kamar faifai, ga manyan motocin kamfani suna rarrafe kamar tururuwa. Ya dinga dukan cinya yana nuni. "Jibrin, dubi shanu! Wallahi wancan garken na Damaga ne, na san farin bijimin can, ya ƙi sayuwa bara!" Da suka biyo gulbi wajen Maradun, ruwan dam ya buɗe gabansu, fari fat, ba iyaka. Murna ta cika shi har ya fara yi wa kansa kirari.

Bai kai ƙarshen kirarin ba. Garken dinya, manyan agwagin dajin nan, ya taso daga bakin ruwa, sai ji suka yi ƙwal! Gilashin gefen Gajere ya tarwatse, iska ta shigo da ihu, hularsa ta yi nata wuri. Ko da ya duba, ga ƙatuwar dinya kwance a cinyarsa.

Jibrin kuwa, jini na bin goshinsa. Ya riƙe sitiyari gam, ya daidaita fikafikai, ya rage gudu don iskar ta sassauta. Ya bi alluran inji da ido ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba abin da ya taɓa shi. Sannan ne ya faɗi kalma huɗu ko biyar a rediyo, ya soma karkata jirgin a hankali zuwa gida.

Shi kuwa Gajere, rantsuwa ba kaffara, bai ma san suna cikin haɗari ba. Ya dafa ƙirjin dinyar, ya ji yana bugawa. Da ranta! Ga ta da ƙiba, ga ta tana shirin tafiya a banza. Ya zare wuƙa, ya kama wuya, sai ya tsaya cak. Tun yana ɗan shekara goma ubansa ya koya masa ba a yanka sai an fuskantar da dabba gabas. A ƙasa, ko idonsa rufe ya san gabas. Nan kuwa rana na tsaka, ruwa dama, ruwa hagu.

"Jibrin! Ina gabas?"

"Baba, riƙe kujera!"

"Ina da dabba a hannu kake ce mini kujera? Juya wanga jirgi alƙibla, ɗan nan!"

Jibrin bai ko dube shi ba. Gajere ya juya dinyar nan, ya juya ta can, yana roƙonta ta yi haƙuri, yana yi wa matuƙi faɗa. Sai da filin ya miƙe gabansu Jibrin ya ce, "Yanzu hancinmu na gabas, Baba."

"Bismillahi, Allahu akbar!" Wuƙa ta wuce.

Dinya ba ta harba ƙafa ba. Jinin ma bai yi tsartuwa ba, ɗan tsatsowa ya yi ya tsaya. Gajere ya dubi wuƙar. Ya sani, hannu mai shekara talatin ba ya ɓata wannan.

Jirgi ya sauka lafiya, ya ɗan yi tsalle biyu ya tsaya. Jama'a suka yo ca. Jibrin ya fito yana danne goshi da ƙyalle, yana dariya, ya ce, "Ni ina neman ranmu, Baba na neman gabas! Da kunnena na ji bisimillarsa." Wuri ya kaure. Jatau, abokin fawar Gajere, ya ɗaga hannu yana ihu, "Gajere ya yi yanka a sama! Ba a taɓa yi ba! A hura wuta, kowa sai ya ɗanɗana!"

Kai, kirarin nan ya yi wa Gajere daɗi, ba ƙarya. Irinsa yake nema tun yana saurayi, kuma ba wanda ya ga abin da ya gani. Kubura ta ratso mutane tana guɗa, ta miƙo hannu biyu don ta karɓi dinyar ta fige.

Ya ƙi saki.

"Bar ta, Kubura," ya ce. "Mushe ce. Ta cika ina neman gabas."

Gajere ya share wuƙarsa a gefen rigar salla, ya ce wani ya ara masa fartanya ya binne ta.