Yatsun Kawu Baldomero

Wata takwas Yareli Barrera tana soka wa kanta allura, domin a duk gidansu da ke garin Ecatepec babu wanda ya yarda ya ara mata jikinsa. Mahaifiyarta ta ce ita hawan jini gare ta. Yayarta ta ce aure za ta yi, ba ta son tabo. Har maƙwabciyarsu mai sayar da kunun masara, da ta hango ta da ɗan akwatin allurai sai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Yareli ta ce oho musu. Shekara huɗu ta yi tana karatun gyaran ƙashin baya, kuma abin da ya rage tsakaninta da takardar fara aiki shi ne jarrabawar allurar Sinawa, wadda ta faɗi bara. Sau biyu makarantarsu ke ba mutum dama. In ta sake faɗi, shikenan.

Guraben soka allura ɗari uku da sittin da ɗaya ne a jikin mutum, ta haddace su tas a tsaye cikin bas, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a littafi. Ƙwaurinta ya cika da ɗigon biro da kumburi, har ta koma sa dogon wando a zafin watan Mayu. Ba ta taɓa cewa wayyo ba. Ta so ƙwarai wani ya lura da wannan juriya ya yaba, da ta ga babu mai niyya sai ta riƙa yabon kanta a gaban madubi.

Dokar jarrabawar ita ce kowane ɗalibi ya zo da mutumin da zai yi gwaji a kansa. Da ƙyar ta samu Kawu Baldomero, yayan mahaifiyarta, mahauci a kasuwa, ƙaton da in ya shiga bas sai ta karkace. Shi ma sai da ta rantse masa biro kawai za a ɗiga, babu allura.

"Kai dai ka kwanta ka yi shiru, Kawu," ta ce masa a ƙofar ɗakin. "Nama kawai ake buƙata a wurinka."

"To, Likita. Allah ya sa kada ki yanka da ƙashi."

Mai jarrabawar, Dakta Olvera, tsohuwa ce marar fara'a. Ta ce gurabe biyar za ta tambaya, huɗu ake so daidai. Na farko shi ne na ƙasan gwiwa.

Yareli har murmushi ta yi, don wannan ko a barci ta san shi. Ta jera yatsunta huɗu ƙarƙashin gwiwar Kawu, ta ɗiga biro. Dakta Olvera ta leƙa, ta zaro jan bironta, ta ɗiga can ƙasa nesa da nata.

"Ɗaya ya tafi. Saura na saman idon sawu, ta ciki."

Gumi ya keto wa Yareli. Ta san ba ta yi kuskuren hadda ba, yatsu huɗu littafi ya ce. Ta sake jera yatsunta a ƙafarsa.

Kawu ya ɗaga kai ya duba. "Wai Likita, da 'yan tsinkayen nan kike auna ni? Ai ko cinyar kaza ba su rufe ba."

Ta tsaya cak. A shafin farko na littafin abin yake, shafin da take tsallakewa don ta ɗauka na sababbin shiga ne: da yatsun majinyaci ake awo, ba da na mai magani ba. Wata takwas ita ce likita ita ce majinyaciya, yatsun duk nata ne, shi ya sa awonta bai taɓa saɓawa ba.

"Kawu," ta ce ƙasa-ƙasa, "ara mini hannunka."

"Na'am? Ai nama ba ya ji."

"Kawu, don Allah."

"Ɗaga murya, 'yar nan, injin niƙa nama ya cinye mini kunne."

Ɗalibai shida ne a ɗakin, duk suka juyo. Yareli ta sake faɗa da ƙarfi har na bakin ƙofa ya ji. Kawu ya tashi zaune yana nishi, ya miƙo hannu, kowane yatsa kamar ayaba. Ta jera su a ƙafarsa ta ɗiga. Jan biro ya sauka a kan nata daidai. Haka na wuyan hannu, haka na ƙasan cibiya, inda ya yi ta kyakyata dariya wai cakulkuli take masa. Na biyar sai da Dakta Olvera ta daɗe tana kallo kafin ta gyaɗa kai.

"Kin tsallake," ta ce, "da ƙyar."

Kawu ya sauko yana gyara wando. "Dakta, ni nawa na ci?"

"Huɗu, maigida."

"Ita fa?"

Tsohuwar ta dubi Yareli ta saman tabarau. "Ita ta riƙe biro."

Yareli ta karɓi takardarta, ta ɗaga kai sama ta fice kamar wadda ta ci biyar cif. Kawu na biye da ita, yana nuna wa duk wanda suka gamu da shi yatsunsa.