Geron Gwaggo Altine

Safinatu da Ja'afar rukuninsu ɗaya a ajin ƙarshe na karatun injiniya a Sakkwato. Malaminsu, Dakta Sodangi, ya ba su aikin ƙera ƙaramin injin sussukar gero mai juyawa da hannu. Safinatu ce ke zuwa Dingyadi duk Asabar tana gwada injin a gidan gwaggonta Altine. Ja'afar kuwa zane ya iya, sai magana.

Wata rana suka haɗu a motar Sakkwato, yana dawowa daga bikin abokinsa a Shagari. Ya tambaye ta yadda aiki ke tafiya, ta saki jiki ta ba shi labari. Injin farko ya farfasa geron gwaggo, mariƙinsa kuma ya yi wa matan gidan tsawo, sai sun yi ɗage suke juya shi.

"Bayan rumbu na koma na yi kuka," in ji ta. "Tsawona na auna, ban auna nasu ba. Ban tambayi kowa ba kahin in ƙera."

Ranar gabatar da aiki, Dakta ya ce kowa ya tashi ya auna kansa da bakinsa, ya faɗi inda ya kuskure da abin da ya koya. Ja'afar aka fara kira. Ya sassauta murya ya kawo zancen geron da ya farfashe, da matan da ke ɗage, kamar shi abin ya sama. Har bayan rumbun bai bari ba, kukan kawai ya cire. Dakta na ta gyaɗa kai.

Da aka zo kan Safinatu, ta tarar ba abin da ya rage mata. In ta maimaita, a ce ta kwaikwaya. Ta yi maganar ƙarfe da walda, ta zauna.

"Ɗiyata, hannunki na da kyau," in ji Dakta, "amma ba ki duban kanki. Ki koya wurin Ja'afar."

A bakin ƙofa ta tare Ja'afar.

"Mi ya sa ka yi man haka?"

"Ai rukuninmu guda," ya ce. "Abin da ya same ki ya same ni."

Shi aka zaɓa ya yi bayanin injin a baje kolin makaranta. Ita aka ce ta zo da wuri ta goge shi, ta sa mai. Ta zo, ta goge, ta tsaya a baya tana miƙo zangarniya duk lokacin da ya ɗaga hannu.