Injiniya da Muryar Gwaggo

Shekara ashirin Gwaggo tana rera waƙoƙin talla a rediyo, ba wanda ya taɓa ce mata muryarta tana rawa, sai da ɗan ƙaninta ya zama injiniyan sitidiyo. Yaron da ta goya, yanzu shi ke ba ta umarni ta bayan gilashi.

Ta gama rera tallar sabulu, ya juyo mata da fuskar kwamfuta.

"Gwaggo, dubi nan. Miƙaƙƙen layin nan sautin fiyano ne, kiɗan da kike bi. Mai kama da tafiyar maciji kuwa naki ne. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, sau shida a daƙiƙa guda. Ba kya tsayawa a kan sautin."

Dama manaja ya fara zancen ɗauko sabuwar murya, kuma yau zai shigo ya saurara. Ashe tsufa ta maƙogwaro ya shigo mata?

Injiniya dai ba ya son a sallami gwaggonsa. Ya lura cewa tudun kowace rawa ya haura layin fiyano, sai ya janyo muryar gaba ɗaya ƙasa a kwamfutar, a kan idonta, har kowane tudu ya zauna a kan layin cif. A ido, abin gwanin sha'awa.

Manaja ya shigo, aka kunna masa. Ya yamutsa fuska kamar ya tauna lemun tsami.

"Kai! Muryar nan ai ta kwanta ƙasa da kiɗan. Baba, ko ba ki karya ba ne?"

Kunya ta kama Gwaggo, haushi ya biyo baya.

"Ɗana, sa masa wadda na rera da bakina. In korata za a yi, a kore ni da muryata."

Ya kunna. Rawar tana nan, amma murya da fiyano sun tafi tare kamar zare da allura. Manaja, wanda tsohon makaɗi ne, har da kaɗa ƙafa.

"Yawwa! Injiniya, kunne ba ya bin tudu, ba ya bin kwari, tsakiya yake kamawa. Tsakiyarta kuwa daram take a kan sautin. Baba, akwai talla uku gobe, duk naki ne."

Daɗi ya cika Gwaggo har ta ji ƙwalla. Ta zagaya bayan tebur, ta kama kunnen Injiniya ta murɗa.

"Wannan Allah ya ba ka don aikin nan, ɗan nema. Kai kuma ka ba shi hutu."