Labulen Sallah a Gidan Mak Esah

Zaiton da bakinta ta ɗauki alkawari: labulen Sallar bana na gidan surukarta, Mak Esah, ita za ta ɗinka. Wannan ce Sallarta ta farko a ƙauyen mijinta, can Kelantan, kuma ta san halin matan ƙauye. Kafin su ɗanɗana girkin amarya, labule suke fara dubawa.

Tun suna Kuala Lumpur ta tambayi mijinta Shukri yawan tagogin falon gidansu. Ya ce shida.

"Girmansu fa, Abang?" in ji ta, yadda matan can ke kiran mazajensu.

"Taga ai taga ce," in ji shi, idonsa na kan waya.

Sai ta auna tagar ɗakinsu na bene, ta ninka faɗin biyu saboda tattara, ta ƙara taƙi guda na kalmasa, ta lissafa sau shida. Kore ta zaɓa, ruwan ganyen ayaba, ƙarshen bandir ne ma. Mako biyu tana kan keke.

Ana jibi Sallah suka iso. Tana gama hawa matakalar katako ta leƙa falon. Tagogin dogaye ne kamar ƙofofi, sun sauko har ƙasa, don mai zama kan tabarma ya sha iska. Ta daure ta rataya guda ɗaya. A gwiwarta ya tsaya.

Mak Esah ta fito daga kicin, hannunta duk kwakwa. Ta kalli sama, ta kalli ƙasa.

"Ikon Allah. Tagar tawa ƙwallo za ta buga, aka sa mata gajeren wando?"

Shukri ya tuntsire da dariya.

"Kai rufe mana baki! Shekara ashirin kana leƙen 'yan mata ta tagar nan, amma ba ka san tsawonta ba?"

"Mak, ki yi haƙuri," in ji Zaiton. "Yadin ma ya ƙare a shagon."

Tsohuwar ta matso gindin tagar. Ta durƙusa ta auna giɓin da hannunta, daga gwiwar hannu zuwa yatsa: kamu ɗaya da 'yan kai. Ta shige ɗaki, ta fito rungume da zannuwan batik, ko kwalinsu ba a cire ba.

"Kowace Sallah sai yaran nan sun kawo mini zane, sai ka ce jiki goma gare ni. Ɗauko almakashi."

Babu biyu masu zane iri ɗaya. Wani furanni, wani tsuntsaye. Mak Esah na yanka, Zaiton na jonawa a ƙasan koren, Shukri kuma aka ɗora masa guga.

Ranar Sallah, maƙwabciyarsu Mak Cik Yah, wadda bakinta ba ya raga wa kowa, ta zauna daidai gindin taga. Ta kamo bakin labulen, ta juya shi, ta bi ɗinkin da farce. Zaiton na tsaye da faranti a hannu, tana kallonta.

"Esah, wannan kuma wane yayi ne?"

"Na birni. Surukata ce ta zo da shi. Ke ina za ki sani?"

Mak Cik Yah ta ci ketupat ɗinta, shinkafar da ake dafawa a ƙunshin ganyen kwakwa. Sai da za ta tafi ta jawo Zaiton gefe.

"'Yata, tagogina huɗu ne. Zane nawa zan ajiye miki?"

"Mak Cik," in ji Zaiton, "bari in zo in auna tukuna."