Hannun Daman Mista Pickering

A hawa na tara na wani dogon bene a unguwar Concourse Village da ke birnin New York, ƙofar Nafisatu da ta Mista Pickering suna kallon juna. Nafisatu nas ce a wani asibiti a Bronx. 'Yar Kano ce, ta biyo mijinta Malam Rabi'u da ya zo ƙaro karatu a jami'a a shekarar 1971. Shi kuwa Mista Pickering tsohon Bature ne ɗan Ingila, dogo siriri, wanda ya yi ritaya daga wani kamfanin jiragen ruwa. Matarsa ta rasu a nan New York, shi kuma bai koma gida ba.

Wata uku suka yi suna wuce juna, gaisuwarsu ba ta wuce gyaɗa kai. Ran nan a cikin lifta Nafisatu tana yi wa mijinta mitar sanyin garin, sai tsohon ya waiwayo ya ce da Hausa, "Sannu da aiki. Ina gajiya?"

Saura kaɗan jakarta ta faɗi. Ashe lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi wata goma sha huɗu a filin jirgin Kano yana gyaran jiragen sojan Ingila. Hausar ta zube, abin da ya rage masa gaisuwa ce, da "kawo guduma", da "yi hankali".

Daga ranar ta zama mai leƙa shi in ta taso daga aiki da la'asar. Falonsa ba shi da wurin zaman kirki. Ƙananan jiragen sama ne ko'ina, wasu a rataye da zare a silin, wasu a jere kan kanta, kowanne kwafin jirgin gaske ne da aka rage girmansa ba a rage komai nasa ba. Da hannunsa yake ƙera su, da wani katako marar nauyi da ake kira balsa, da reza, da gam, da takarda shara-shara da yake lulluɓe fukafukai da ita. Na roba da ake sayarwa a kwali kuwa, cewa yake wannan aikin masu gaggawa ne.

Mutum ne mai ƙa'ida har abin ya yi yawa. Ko ba inda za shi sai ya ɗaura nakatayel. Shayinsa a wata tsohuwar buta mai ruwan ƙasa yake dafa shi, madara ce ke fara shiga kofi, kuma shayin da Amurkawa ke tsomawa a ɗan ƙunshi bai ɗauke shi shayi ba. Burodinsa sai ya gasa shi ya kusa ƙonewa, sannan ya shafa masa wani abin zaƙi na lemo mai ɗaci-ɗaci, wanda Nafisatu ta ɗanɗana sau ɗaya ta gode. Ran Asabar da hantsi yana manne da rediyo yana jiran sakamakon ƙwallon garinsu, ƙungiyar da kullum ake ci. Mujallarsa ta masu ƙera jirage takan yi mako shida a hanya daga Landan, amma ranar da ta iso ko ƙofa aka buga ba ya ji.

A ƙarshen 1972 ya kafa wani sabon aiki: jirgin yaƙi mai farfela ɗaya, irin waɗanda ya gyara a Kano. Ya ce zai kai shi gasar da ƙungiyarsu ta masu ƙera ƙananan jirage ke yi a watan Mayu. Ya gama gangar jikin ke nan, bai fara fukafukai ba, cutar shanyewar ɓarin jiki ta same shi.

Mako bakwai ya yi a asibiti. Ya dawo yana jan ƙafa da sanda, bakinsa ya daidaita, amma hannun dama ya zama kamar na aro. Yatsun suna motsi, ba sa riƙe komai. Likita ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ranar da Nafisatu ta shiga gaishe shi, ta tarar da ƙwallon a kwandon shara, teburin aiki kuma an lulluɓe shi da zanin gado.

Ya nuna mata wani kwali a bakin ƙofa. "Kayan aikina ne. In za ki sauka ki zubar mini."

"Ban zo kwasar shara ba, Baba," in ji ta. Baba take kiran sa, tun yana ƙi har ya saba.

"'Yata ta rubuto. Ta samo mini ɗaki a gidan tsofaffi a Ingila. Can ba a bari a riƙe reza."

"To, ai ba ka tafi ba tukuna."

Ta ɗauki kwalin ta mayar kan tebur, ta fita. Bai ce mata sai anjima ba.

Da ta ba wa mijinta labari, Malam Rabi'u ya ajiye littafinsa. "Nafi, mutumin nan ba ubanki ba ne. Turawa ba sa son a shiga sabgarsu. Ki kai masa miya in kin yi, ki bar shi da Allah."

"Malam, kullum irinsa nake gani a wurin aiki. Wanda ya ajiye hannu wata shida, hannun ya tafi ke nan. Ƙwallo ba zai matsa ba ko za a yanka shi. Amma jirgin nan zai taɓa."

"In ya kore ki fa?"

"Ƙofa ce, sai in sake bugawa."

Washegari ta shiga, ta yaye zanin gadon ba ta nemi izini ba. A ƙarƙashi akwai babban zanen jirgin a shimfiɗe kan allo. Ta tambaye shi me ke biye. Ya juya yana kallon taga. Ta duba zanen da kanta ta ga fiffike yana da haƙarƙari, ƙananan katakai masu siffar kifi, guda talatin da biyu. Ta ɗauki reza ta fara yanka na farko. Hannunta ya saba da allura da almakashi, ta ɗauka abin wasa ne. Katakon ya tsage biyu. Ta yanka na biyu, shi ma ya tsage.

"Kina yanka shi a gicciye!" Tsohon ya daka tsawa daga kujerarsa. "Ba kya ganin yadda jijiyar katakon ta kwanta? Wannan balsar daga Landan na yi odar ta!"

"To zo ka nuna mini."

Ya taso da ƙyar, ya fizgi rezar da hannun hagu, ya danna katakon da na dama. Hannun ya zame, rezar ta sami babban yatsa. Jini ya ɗiga kan zanen. Ya tsaya yana kallon ɗigon, fuskarsa ta yi ja.

"Fita," in ji shi.

Sai da ta wanke ciwon ta ɗaure shi tsaf, sannan ta fita. A gida ta kasa cin abinci. Ta san ta taɓa masa inda ke ciwo, ta kuma san in ta bari kwana biyu suka wuce ba za ta ƙara samun ƙofar ba. Washegari ƙarfe huɗu ta buga. Ta daɗe a tsaye kafin ta ji ƙarar sanda.

Bai kalle ta ba. Ya ce, "In za a yi, ni zan yanka. Ke riƙewa ce taki. Ko kin ga zan ɓata, kada ki karɓa."

"Na yarda. Amma da hannun dama za ka yanka."

"Ba ya riƙewa."

Ta zaro bandeji daga aljihunta, ta naɗe ƙotar rezar har ta yi kauri kamar muciya, ta sa masa a tafin hannu, ta lanƙwasa yatsun a kai. Ya riƙe. Ranar awa ɗaya suka yi a kan haƙarƙari guda, shi ma ya fito kamar ɓera ya gatsa. Ya ɗaga shi ya duba a haske, ya jefa a shara, ya ce, "Gobe."

Haka suka shiga watan Maris. Wata rana a samu biyu masu kyau, wata rana babu ko ɗaya. Akwai ranar da ya yi wurgi da kwalbar gam ta fashe a bango, ta ɗauko tsumma ta goge, ta ce saura minti ashirin lokacinsu ya cika. Akwai ranar da ita ce ta dawo daga aiki ƙafafunta sun kumbura, ta tsaya a bakin ƙofarta da mabuɗi a hannu tana jin kamar ta shige ta kwanta, sai ta juya ta buga tasa. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne zama tana kallon reza na kauce wa layi, alhali da ta miƙa hannu da an gama a minti ɗaya. Sai ta cije, ta ƙara danne katakon.

Malam Rabi'u ya daina hana ta. Wata Asabar ma shi ya hau jirgin ƙasa har Manhattan ya samo musu balsa a wani kanti, da ta Landan ta ƙare. Mista Pickering ya shinshina ta, ya lanƙwasa, ya ce ba laifi.

Tsakiyar Afrilu ta kwance bandejin rezar, ya ci gaba da riƙewa a haka. Fukafukai suka tsaya, aka lulluɓe su, aka shafa fenti mai launin yashi. Da aka zo kan tambarin da'ira na fiffike, ja cikin fari cikin shuɗi, sai ya miƙa mata buroshi.

"Wannan kam ki yi. Alƙalai can suke fara dubawa."

"Ba kai ka kafa dokar ba? Riƙewa ce tawa."

Ya harare ta, ya karɓi abinsa. Kwana uku ya yi a kan da'ira huɗu. Ba wadda ta fito daidai, amma duk wanda ya gani ya san da'ira ce.

An yi gasar wata Lahadi a zauren wata makaranta a Queens. Tebura ne a jere cike da jirage, masu su galibi dattawa, sai Nafisatu kaɗai mace baƙa da ɗankwali a tsakaninsu. Tsofaffin abokansa suka kewaye shi, don sun ji labarin ciwon, ba su zaci za su gan shi ba. Alƙalai uku suka zo da ma'auni da fensir, suka leƙa ƙarƙashin jirgin, suka gwada shi da zane. A cikin jirage bakwai na rukuninsa, nasa ya zo na biyar.

Nafisatu ta ji zuciyarta ta yi nauyi. Ta juya za ta ba shi haƙuri, sai ta ga babu shi a kujera. Yana can ya tare babban alƙalin yana musu a kan launin fentin, yana cewa shi ya ga jirgin da idonsa a rana, ba a littafi ba. Alƙalin yana ja da baya, tsohon yana bin sa yana kaɗa masa yatsa a fuska. Ta lura da yatsan da yake kaɗawa, na dama ne, a miƙe sarai. Ta koma ta zauna, ta bar su.

A jirgin ƙasa na komawa ba su sami kujera biyu ba. Ya zauna, ita ta tsaya ta ɗaga akwatin jirgin sama da kanta don kada a matse shi. A haka suka wuce tasha uku.

Can ya ce, "A kan fenti alƙalin nan bai san komai ba. Amma ya yi gaskiya a kan fiffiken hagu. Ya karkata."

"Ni ban gani ba."

"Ni na gani tun a gida. Kwance shi zan yi, in sake sabo. Gobe ƙarfe huɗu."

"Gobe sai biyar nake tashi, Baba."

Ya yi ɗan tunani, ya gyara riƙon sandarsa. "To, biyar da rabi. Kafin ki zo na fara yanka."