Tasjilin Harisu Mai Ruwa

Fom ɗin da aka ba Asma a Jidda shafi biyu ne, kuma ta cika shi tsaf da kyakkyawan rubutunta, sai layi ɗaya. Layin bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma shi ya hana ubanta Nu'uman jin daɗin abinci: garin asalin uba. In ba a cika shi ba babu fasfo, in babu fasfo kuwa gurbin karatun jinya da yarinyar ta sha wuya ta samu zai koma hannun wata.

Nu'uman direban bas ne na lokacin Hajji, shekararsa hamsin da ɗaya, haifaffen Nakkasa, unguwar Hausawa a Makka. Uwarsa ta rasu bai san ta ba, ubansa Harisu mai ruwa ya bi ta yana ɗan shekara shida, maƙwabta suka rene shi gida-gida. Bai taɓa tambayar sunan garinsu ba, don a Nakkasa kowa daga wani wuri ya fito, ba abin magana ba ne. Da ma'aikacin ofis ya tambaye shi, sai ya yi dabarar da kowa ke yi, ya ce Kano. Ma'aikacin ya ce wace unguwa. Nu'uman ya yi dogon nazari ya ce Nakkasa. Mutumin ya ajiye biro, ya cire tabarau, ya ce masa cikin mutunci ya je ya binciko, ya dawo ran Lahadi.

Ya bi tsofaffin unguwa ɗaya bayan ɗaya, duk inda rusau ya watsa su. Wani ya ce Harisu ɗan Damagaram ne, wani ya rantse ɗan Gusau ne. Wani kuma ya zaunar da shi awa biyu yana ba shi tarihi tiryan-tiryan, sai a ƙarshe aka gano wani Harisun yake nufi, mai gyaran risho. Daga nan wata tsohuwa ta ce masa, "Kai ma da neman wahala. Ubanka ai ya yi tasjili wajen Maiturare. Je ka ga Shatu."

Tasjilat Maiturare shi ne kamfanin kaset mafi girma da Hausawan Makka suka taɓa yi, kuma bisa kuskure aka kafa shi. Alhaji Awwalu turare yake sayarwa a gindin gangaren Nakkasa. Wata shekara wani alhaji da kaya suka yi wa nauyi ya bar masa rikoda da kwalin kaset, ya ɗauki kwalabe uku a madadinsu. Awwalu ya sa aka rubuta masa allo da Larabci, Tasjilat, wato wurin ɗaukar murya. To amma tasjili a kunnen mutanen Nakkasa ma'ana ɗaya gare shi: a sa sunanka a littafin hukuma, ka zama mai takarda. Washegari ya zo buɗe shago ya tarar da layi ya sha kwana har ya hau dutse, maza da rigunan Juma'a, mata da goyo.

Ya yi bayani har muryarsa ta dishe, ba wanda ya yarda. Aka ce ɓoyewa yake yi don ya yi wa 'yan garinsu kaɗai. Wata mata ta ce za ta kai ƙararsa wajen uwarsa. Da ya ga za a fasa masa kwalabe, sai ya zaunar da na gaba, ya danna rikoda, ya ce faɗi sunanka, da na ubanka, da garinku. Mutum ashirin a fuska ɗaya ta kaset. In ta cika ya manna mata takardar kwalbar turaren miski, don ita ce gare shi, ya jera sunayen da ajami. Kowa kuma sai an manna masa irinta a bayan hannu kafin ya yarda ya tafi. Akwai wanda ya yi wata guda yana wanka da hannu ɗaya a sama. Haka aka haifi tambarin farko na kamfanin, Miski.

Hajiya Shatu, 'yar Awwalu, ita ta gaji abin da ya rage: kwalin kaset arba'in da bakwai a saman bene, a wata unguwa ta hanyar Jidda. Ta zuba wa Nu'uman da Asma shayi, ta saurare su har suka gama, sannan ta girgiza kai.

"Ya waladi, ɗana, Miski ai babu shi. Ambar ya cinye shi."

"Wane ne kuma Ambar, Hala?" in ji Nu'uman, Hala kuwa inna ke nan a Larabcin Makka.

Ta gyara zama, don an taɓo mata inda ke mata ƙaiƙayi. Ta ce da layin tasjili ya ƙare, malamai suka fara zuwa a ɗauki wa'azinsu. Sabon kaset ya yi wuya, sai Awwalu ya riƙa ɗaukar wa'azin a kan tsofaffin, ya manna takardar turaren ambar bisa ta miski. Mata masu waƙar biki suka ce su ma ai da baki aka haife su, aka buɗe musu tambarin Wardi. Malaman Ambar su yi wa mawaƙan Wardi tatas da safe, mawaƙan Wardi su rama da habaici bayan la'asar, a ɗaki ɗaya, bisa tabarma ɗaya, wani lokacin a kaset ɗaya, gaba da baya. Sai tambarin Sandal, na saƙon murya da ake ba alhazai su kai gida. Shi ya fi kowanne kasuwa, har ran da aka yi musayar kaset, aka kai wa wani limamin ƙauye saƙon da wata ta yi wa mijinta, ya tara jama'a ya kunna musu a ƙofar gida.

"Da Abuya ya rasu, yayyena suka raba," in ji ta, ubanta take nufi. "Ambar ya haɗe da Sandal. Wani mutumin Chadi ya ɗauki Wardi ya sa masa Sabon Wardi. Yayana ya ji haushi ya buɗe Wardi na Asali. Mutumin Chadin kuma ya mai da nasa Wardi na Asali na Gaskiya. Ana cikin haka waya ta zo, kowa ya huta. Duk suka kwaso tarkacen suka jibge mini, wai ni ce mai bene."

Nu'uman bai ji rabin wannan ba. "Ke nan an goge muryar Babana."

"An goge ta kowa, sai ta 'yan wutsiya. Wa'azi da waƙa sukan ƙare kafin kaset ya ƙare, wanda ya zo ƙarshen layi shi ya tsira. Ubanka kuwa, Allah ya ji ƙansa, sai ya gama raba ruwa yake zuwa ko'ina. Mutumin da ko ɗaurin aurensa a makare ya zo."

Kwana uku suka yi a saman benen nan suna ɓare tarihi. Shatu ta ɗora buta a wuta, Nu'uman ya kara kaset a tururi, Asma ta sa farce ta ɗaga takarda. A ɓare Wardi na Asali na Gaskiya a tarar da Sabon Wardi, a ɓare shi a tarar da Ambar, can ƙasa ga Miski ya yi ja don tsufa. Shatu ce kaɗai ke iya karanta ajamin ubanta, kuma ba ta wuce suna ba tare da ta ba da labarin mai shi ba, da wanda ya aura, da abin da ya kashe shi. Nu'uman ya riƙa cizon leɓe yana lissafin kwanaki. Ran Asabar da hantsi ta kai kaset kusa da hancinta, ta karanta layin ƙarshe: "Harisu mai ruwa, da yaro."

Sai kuma aka rasa abin kunnawa. Rikodar Awwalu ta daɗe da zama abin tare ƙofa. Maƙwabta da aka tambaya suka yi ta dariya. Abin da ya rage a duk sanin Nu'uman shi ne tsohuwar bas ɗin da yake ja, wadda ke ajiye a garejin kamfaninsu a gefen Muzdalifa tana jiran Hajji mai zuwa. Shatu ta yafa mayafi ta ce ba a kunna kayan kamfani ba shugabar kamfani a wurin.

Rediyon bas ɗin yana da sharuɗɗansa. Ba ya aiki sai inji na tashe. Maɓallin gaba da na baya sun mutu tun tuni. Kuma wani makanike mai hikima ya haɗa shi da lasifikar kan rufi, wadda ake kiran alhazan da suka ɓata da ita, ba ragi ba ƙari. Don haka da Nu'uman ya tura kaset, sai kiɗan biki na Wardi ya ɓarke a filin da ba kowa sai jerin bas-bas masu ƙura da rana tsaka. Kunya ta kama shi, ya tashi ya rufe tagogi duka, ko da yake lasifikar a waje take. Minti ashirin da shida ana wasa wata amarya. Shatu ta ce ta san ta, aurenta uku bayan wannan, yanzu haƙori biyu ya rage mata.

Kiɗa ya tsaya. Wani malamin Ambar ya leƙo da rabin jimla game da azabar masu kiɗa, shi ma ya ɓace. Sai shuuu, sai tari, sai muryar Awwalu a gajiye.

"Sunanka."

"Harisu."

Nu'uman ya riƙe sitiyari. A ransa muryar ubansa babba ce, mai cika lungu. Wannan siririya ce, ta mutumin da ya wuni yana hawan dutse da gwangwanaye biyu a kafaɗa.

"Sunan uba."

"Allah ya ji ƙansa."

"Amin. Sunansa."

"Shi ma Harisu."

"Garinku."

"Makka."

"Malam Harisu, inda ka fito nake nufi."

"Daga ɗiban ruwa na fito. Ga gwangwanayena nan a waje."

"Kafin nan."

"Gida."

"Ina ne gidan?"

"Bayan shagonka, Alhaji. Kai ma ka sani."

Shatu ta tuntsire da dariya har tana dukan kujera. Nu'uman ma ya yi, amma tasa ba ta yi nisa ba, don yana ganin zaren kaset ta 'yar tagar rediyo, saura kaɗan.

"Don girman Allah, Malam," in ji Awwalu a kaset, "kai ne na ƙarshe, ban ci komai ba tun safe. Hausar bakinka ba a nan ka koye ta ba. Faɗi garinku mu tashi."

Ana jin wani yaro na tari, da ƙarar kwalabe suna gogar juna. Sannan Harisu ya rage murya don kada na waje su ji, lasifika kuwa ta ɗauki raɗar nan ta watsa ta ko'ina a filin.

"Alhaji, an ce garin da mutum ya faɗa a tasjili, can ake mai da zuriyarsa in an tashi kora. Ni na san garinmu. Wata goma sha ɗaya na yi a ƙasa kafin in ga teku, mu tara muka taso, mu huɗu muka iso. Yaron nan ƙirji gare shi, ba zai iya wannan tafiya ba. Shi ma ban faɗa masa ba, kuma ba zan faɗa ba, kada wata rana a tsare shi a tambaye shi ya faɗi gaskiya. Rubuta Makka."

"Ba rubutu nake yi ba, Malam. Na gaya muku tun safe."

"To ko me kake yi, yi shi da Makka." Sai muryar ta juya gefe, ta yi laushi. "Nu'umanu, ajiye kwalbar mutane. Zo nan."

Kaset ya kai ƙarshe, rediyo ya tofo shi.

Inji na ta kaɗawa. Shatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Nu'uman ya ji haushin ubansa ya taso masa har wuya, mutumin da ya riƙe kalma ɗaya ya shiga kabari da ita saboda allon mai turare. A cikin haushin kuma ya ji kewarsa irin wadda bai taɓa ji ba tun yana ɗan shekara shida, har ya rasa wanne zai fara haɗiyewa.

Asma tana kujerar bayansa da fom a cinya da biro a hannu. Hausarta ba ta kama magana in an yi ta da sauri ko da raɗa, ta dai ji sunan ubanta.

"Esh gal, ya Baba? Me ya ce? Ya faɗi garin?"

"Ya san shi."

"Tayyib, to, ina ne?"

"Ya ce ba zan iya tafiyar ba."

Ta dube shi, ta dubi Shatu, ba ta gane ba. Gobe ne Lahadi, ta buɗe baki za ta tuna masa, sai ya miƙo hannu ta kafaɗa ba tare da ya waiwayo ba.

"Ara mini bironki, ya binti."

Ta ba shi da sauri, ta haɗa masa da fom ɗin. Fom ɗin ya bari a hannunta. Ya zura biron a ramin kaset, ya shiga juya zaren baya a hankali, yana auna daidai inda ubansa ya ce masa zo nan.