Jinin Gagare

A Garuwa mai kare ba ya samun tabarma a zauren kowa. Fulanin gari sukan janye bakin riga in Ilyasu maharbi ya wuce, malaman unguwar Hausawa su yi masa wa'azi a kan najasa, sannan da yamma su aiko tambayar ko akwai cinyar mariya ko ta barewa. Bai taɓa riƙe abin a zuci ba. Kakansa ne ya zo da karnukan daga ƙasar Bauci, tun daga nan gidansu ke tankaɗe su kamar gari: sirara, masu zurfin ƙirji da taurin tafin ƙafa, waɗanda ba sa haushi a bayan nama. In karya ta haihu sai a ware na kirki, sauran a ba manoman ƙetaren kogin Binuwai su yi musu gadin gona. Ba a kashewa. Ubansa yakan ce abin da bai buɗe ido ya ga duniya ba bai yi laifin da za a kore shi daga cikinta ba.

Shekarar da ciwo ya shiga karnukan gari, biyu suka rage masa. Akwai Gagare, tsohon namiji da haƙoransa suka ƙare, ƙugunsa na rawa in ya miƙe. Akwai Kyalla, matashiya, jikar ƙanwar Gagare, dangantaka daidai yadda ake so, ba kusa ba ba nesa ba. Ilyasu ya san tsohon ba zai ga wata damina ba. In bai bar baya a cikin Kyalla wannan karon ba, aikin mutum uku ya tafi.

Da ta fara neman barbara ya kulle ta a tsohon rumbu yana jiran ta nuna. Sai dai a garin da Jamus ke mulki ko karya ba ta da sirri. Laftanan bariki, wanda sojoji ke kira Mai Tabarau, yana da wani ƙaton kare da ya zo da shi daga ƙasarsu, kunnuwa kamar ganyen gwaza, murya kamar ganga. Zafi da kaska sun kusa gamawa da shi, yini yake kwance harshe a ƙasa. Baturen ya yi tunanin in ya haɗa shi da jinin ƙasa zai sami masu girman uba da juriyar uwa.

Wanda aka aiko shi ne Brahim, soja mutumin Kusuri, mai Hausa da Larabci da ɗan Jamusanci a bakinsa.

"Baba, an ce karyarka ta fara kiran maza."

"Kai ma kiran ka ji ka taho?"

Brahim ya yi dariya. "Ni ɗan aike ne. Bature zai yi wa karensa aure, amarya yake so."

"Sadakin fa?"

"Sadakin shi ne bayanka ya zauna lafiya."

Ilyasu ya ce ba ta gama nuna ba, a bari sai gobe ya kai ta da kansa. Brahim, da rana ta dafa shi, ya yarda. Ƙurar takalminsa ba ta kwanta ba Ilyasu ya buɗe rumbu ya shigar da Gagare, har da tallafa masa ƙugu. Ya san abin da masu kare suka sani, cewa karya takan ɗauki cikin maza biyu a lokaci guda. Washegari ya kai ta bariki, ya tsaya aka sakar mata ƙaton.

Gagare ya mutu kafin cikin ya fito sosai. Ilyasu ya ja shi bayan gari ya binne, abin da ya ba maƙwabta abin hira har mako ya zagayo.

Ranar da Kyalla ta haihu aka kira shi bariki, inda aka riƙe ta. Tana kwance a kan buhu a bayan ɗakin ajiya, 'ya'ya biyar na turereniya a nononta. Kallo ɗaya ya ishe shi. Uku masu faɗin kai da kaurin ƙafa, na ƙaton ne. Biyu, mace da namiji, sirara ne masu dogon baki. Ya ɗaga macen, ya shafa ƙirjinta da babban yatsa, ya ji zurfin da ya sani tun yana yaro. Ya mayar da ita da sauri.

Mai Tabarau ya zo ya tsuguna. Ta bakin Brahim ya ce ya ji labarin tsohon gwani ne, to ya nuna masa waɗanda suka cancanci a riƙe.

Wannan tambayar Ilyasu yake jira tun ranar rumbu. Ya yabi ukun kamar maroƙi. Sannan ya taɓa biyun da bayan yatsa, ya taɓe baki.

"Waɗannan ragowa ne, ranka ya daɗe. Ga ƙashi kamar tsinke. Za su shanye nono su tauye 'yan'uwansu, kuma in sun girma duk abin da suka haifa ɓarna ne. Ba na gidan babban mutum ba ne. A ba ni su in kai wa manoman ƙetare."

Brahim ya juya maganar. Baturen ya saurara yana gyaɗa kai, har ya dafa kafaɗar Ilyasu. Ya yi magana mai tsawo, cikin fara'a.

"Ya ce yau ya ga wanda ya san aiki," in ji Brahim, idonsa a ƙasa. "Ya ce abu ɗaya ka rasa. A ƙasarsu ba a kyauta da ragowa. Wanda ya ba da mummunan iri, irin ne zai tsallako masa danga wata rana ya ɓata masa mai kyau. Ya ce a sa su a ruwa. Kuma kai za ka yi, don aikin babban gwani ne."

Ilyasu ya juya wajen Brahim. "Gaya masa na yi kuskure, ɗana. Ka ce su ne mafi kyau."

"In na faɗa zai tambayi inda suka samo kyan. Daga nan zai tambayi wanda ya bar karyar ta kwana a gidanka." Brahim ya rage murya. "Ka taɓa ganin yadda ake ɗaure mutum a kan ganga a yi masa bulala, Baba? Ni na gani daga sama, na kuma gani daga ƙasa."

Aka kawo kwando da dutse. Kyalla ta bi hannunsa da ido lokacin da ya ciro su, ba ta yi gurnani ba, ta san hannun.

Suka gangara Binuwai rana tsaka, Ilyasu a gaba, Brahim da bindiga a baya. Mata na wanki, masu kwalekwale na ɗora gishiri. A bakin ruwa Ilyasu ya tsaya.

"Juya bayanka. Ko macen kaɗai in tsirar."

Brahim bai juya ba. Ya nuna tudu da haɓa. Mai Tabarau na tsaye can a inuwa, abin hangen nesa a idonsa.

Ilyasu ya shiga ruwa har gwiwa. Ya yi bisimilla, don bai san me kuma ake faɗa ba, ya danna kwandon ya riƙe. Motsin bai daɗe ba.

Da ya mayar da kwandon bariki, Baturen ya ce ya ɗauke shi aiki, shi zai kula da ukun har su girma. Ba a tambayi ra'ayinsa ba, shi ma bai bayar ba. Ya zagaya bayan ɗakin ajiya, ya tarar Kyalla na shinshina buhu tana juya shi da hanci. Ya durƙusa da jiƙaƙƙen wando, ya kwantar da ita, ya cire mata kaska a kunne, ya ɗauki mafi ƙiba cikin ukun ya sa masa nono a baki.